Baba Mai Guga Ba Ya Zama

Duk wanda ya taɓa yin sujada a cocin nan ya san Baba Mai Guga, in bai san shi da fuska ba ya san shi da tsayuwa. Can baya, kusa da ƙaramar ƙofar ɗakin ajiya, nan yake kafewa tun daga waƙar buɗewa har a sa albarka, hannuwa a baya, ido na ta yawo. Ga benci fanko a gabansa, amma ko kallo bai ishe shi ba. Baƙi kan ɗauka mai gadi ne. Dattawa sun yi magana har bakinsu ya gaji, suka bar shi da halinsa.

Ba ciwon baya ba ne, ba kuma taurin kai ba ne, ko da yake taurin kan ma yana da nasa rabo. Aiki ne ya mai da shi haka. Tun gemu bai fito masa ba kawunsa ya kai shi gidan wani likita don ya koyi wanki da guga, kuma abin da kukun gidan ya fara koya masa bai shafi guga ba. Ya ce masa, "Ɗan aiki ba ya zama a falo. In maigida ya ce zauna, ka ce na gode, ka ci gaba da tsayuwarka. Ba zaman yake nufi ba, bakinsa ne ya saba." Yaron ya riƙe wannan magana gam, har furfura ta same shi da ita.

Iyayensa masu bin Almasihu ne, amma Lahadi ba ranar ɗan aiki ba ce. Ranar ce maigida ke neman farar rigarsa, madam ke sauya ra'ayi a kan zanen da za ta ɗaura, yara ke ɓata abin da aka sa musu tun ba a fita ba. Sai mota ta tashi da su, shi kuma ya koma kan tulin wanki. In gaskiya za a faɗa, rigunan da ya goge sun fi shi zuwa coci nesa ba kusa ba.

Ya zama gwani. Ya san zafin dutsen guga da tafin hannu, ya san yadin da ke son yayyafi da wanda ruwa ke ɓata shi, karin wandonsa kuwa ba ya karyewa sai an sake wanki. Amma akwai ilimin da ya fi na guga zama a kansa, shi ne sanin yadda sallama take zuwa. Ya gane ba a korar ɗan aiki da faɗa. Wanda ake daka wa tsawa yana da sauran kwana a gidan. In za a rabu da kai, murya ce ke fara yin laushi.

A gidan likita ya ƙona wata riga, ya kai wa madam. Ta duba, ta ce, "Ba komai," ta ninke ta adana. Ya yi ta murna ya sami uwar ɗaki mai haƙuri. Ranar da suka sami wanda zai maye gurbinsa, sai ga rigar nan shimfiɗe a kan tebur gaban likita, ƙunar na sama. A gidan wani ɗan kwangila, maigida ya ba shi tsohuwar kwat ɗinsa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ai ɗan gida ne." Ba a jima ba ɗan ƙanwar madam ya zo wai zai riƙa taya shi aiki, kuma taya aikin nan ita ce ta raka shi har bakin titi.

Gidan da ya fi daɗewa na wata matar alƙali ne da mijinta ya rasu. Nan ya yi aure, a ɗan ɗakin masu aiki da ke ƙuryar gidan aka haifi 'yarsa tilo, a ɗakin kuma matarsa ta cika. Yaran gidan a hannunsa suka girma, shi ya goge musu kayan makaranta, shi ya goge musu kayan aure. Da tsohuwar ta rasu suka sayar da gidan. Sun rungume shi, har da hawaye, suka ce, "Baba, ka yi aiki, yanzu sai ka huta." Sannan babban ya miƙo hannu ya karɓi makulli. Tun daga ranar, in mutum ya yi wa Baba Mai Guga magana mai daɗi, sai ya fara duba inda takalmansa suke.

Ya kama ɗaki a wani gidan haya, ya kafa tebur a ƙarƙashin rumfa a bakin layi, da bargo a kai, da dutsen gugarsa na gawayi. 'Yarsa ta zama ma'aikaciyar jinya a wani gari, ta yi aure, ta yi ta roƙo ya koma wurinta. Ya ce bai ga abin da zai kai shi tsayuwa a falon suruki ba. Jakarsa kuwa tana ƙarƙashin gado a ɗaure, kamar yadda take a kowane ɗaki da ya taɓa kwana.

Wata Asabar wata mata ta sauke masa ɗaurin riguna a kan tebur ba ko sallama. Mai kantin magani ce a bakin kasuwa, ita ce kuma shugabar mawaƙan cocin da ke ƙarshen layin, kowa na ce mata Uwar Waƙa. Mace ce mai jiki da murya, ba ta raga wa kowa, Fasto ma in ya ja wa'azi sai ta yi tari. Rigunan mawaƙa ne, shuɗɗa masu farin wuya. Da ta dawo ɗauka ta ɗaga guda ta girgiza.

"Baba, wannan riga ce ko kwali? Sitacin garin nan duka ka juye?"

"Madam, rigar da ba ta tsaya ba ai tsumma ce."

"Ni ba madam ɗinka ba ce. Kuma waƙa za mu yi a ciki, ba fareti ba."

Ya ji daɗin faɗan nan har cikin ransa. Mako na zagayowa ya rage sitacin kaɗan, ta sake yin mita, ya sake kare kansa. Washegari Lahadi ya ɗauki rigunan ya kai mata har coci, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya don ya ga yadda suka zauna a jikin masu su. Wuyan rigunan ya tsaya yadda yake so. Waƙar kuma ta kama shi, ya kasa tafiya. Da haka ya shiga coci da tsufansa, ta ƙofar gefe, da kaya a hannu.

Ya gaskata da zuciya ɗaya, wannan ba mai shakka. Ranar da aka yi masa baftisma ya yi kuka kamar yaro. Amma ko a ranar, shi ya goge fararen rigunan dukan waɗanda aka yi wa tare da shi. Ya daina karɓar ladan gugar mawaƙa. Ya ɗauki shara, ya ɗauki jera benci, ya ɗauki goge tagogi, har aka ga ba amfani makulli ya kwana a wani hannu in ba nasa ba. Mutane suna yabon himmarsa. Shi kuwa lissafinsa dabam ne: wanda ayyukan gida suka rataya a wuyansa ba a saurin sallamarsa. Ko addu'arsa ta yamma rahoton aiki ce. Yakan durƙusa ya ce, "Ya Ubangiji, na share, na goge, na kulle. In akwai inda na yi sakaci a yi mini haƙuri."

Fasto mutum ne mai sanyin hali, kuma akwai zancen da ba ya gajiya da shi. Yakan ce Almasihu ya 'yantar da mu, ba aiki aka ɗauke mu a gidan Allah ba, haihuwarmu aka yi a ciki, kuma ba mai fitar da mu. Baba Mai Guga yakan ce amin da ƙarfi daga wurin tsayuwarsa. Can ƙasan zuciyarsa kuwa wata murya takan ce, na sha jin wannan, ɗan kwangila ma haka ya ce. Ba wai yana zargin Allah da ƙarya ba ne, Allah ya kiyaye. Gani yake kowane babban gida da irin maganar da ake yi a falo, mai hankali kuma ya san matsayinsa.

Shekaru suka tura. Hannun dama ya fara rawa, ido ya fara hazo. Ya ɓoye iya ɓoyewa. Sai wata Asabar da rana, ya ɗora dutse a bayan wata riga, ya juya neman kwanon yayyafi, hannun ya ture kwanon, ya sunkuya ɗauka. Ƙauri ne ya ɗago shi. Ga hoton dutsen guga ɓaro-ɓaro a tsakiyar bayan rigar, mai tsini a sama, ja-ja baƙi-baƙi. Kuma cikin rigunan nan duka, mafi faɗi ce, ta Uwar Waƙa.

Bai taɓa ɓoye ɓarna ba a rayuwarsa, bai kuma fara ranar ba. Da ta zo ya shimfiɗa mata. Ta ware ido, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Ya tsaya yana jiran aradu, kai, yana ma roƙon ta faɗo. Sai idonta ya sauka a kan hannunsa da ke kaɗawa a gefen tebur. Ta rufe bakin.

"Ba komai, Baba," in ji ta, da wata siririyar murya da bai taɓa sanin tana da ita ba.

Ta ninke rigar ta sa a jakarta. Ya san wannan ninkin, ya taɓa ganin irinsa.

Mako ya zagayo, aka kawo ɗauri ba rigar a ciki. Ya ce a ransa, an adana ta ke nan. Daga nan ya buɗe ido ya kasa kunne, kuma mai neman alama ba ya rasawa. Uwar Waƙa ta daina mita a kan sitaci. Ta koma tambayarsa ya ƙarfin jiki, ya kwana, ko ya ci abinci. In ya shigo da tsintsiya ya tarar da dattawa a tsaye, sai zance ya mutu, kowa ya shiga gaishe shi da fara'a har kunne. 'Yarsa ta kira a waya tana tambayar hannunsa, shi kuwa bai taɓa faɗa mata ba. To wa ya faɗa?

Sai ga Tela. Magidanci ne a ikilisiyar, yana da shagon ɗinki da dutsen lantarki mai fitar da tururi. Ya zo rumfar yana sosa ƙeya.

"Baba, cewa na yi ko in riƙa taya ka da rigunan nan. Nawa dutsen ba ya cin lokaci."

"Kai ka ce, ko cewa aka yi ka ce?"

Tela ya yi dariyar yaƙe ya dubi ƙasa. Baba bai buƙaci wata amsa ba.

Lahadin da ta biyo Fasto ya tare shi da leda a hannu. Kwat ce mai ruwan toka, wai ta yi masa kaɗan, ya ga kamar za ta yi wa Baba daidai. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Har kwat ɗin ma ba a manta ba.

A nan dole a yi wa tsohon adalci. Ba mafarki yake yi ba. Da gaske ana zancensa, da gaske an kira 'yarsa, da gaske an yanke shawarar raba shi da aikin, don tsoho mai rawar hannu da garwashi ba abin wasa ba ne, ga shi kuma yana hawa benci yana goge taga. Amma da a ce mutum ɗaya ya tsaya gabansa ya ce, Baba, hannunka ya gaji, ba ma so ka ƙone, da an huta. Sai suka bi ta lallashi da kewaye-kewaye, kowa na tsoron ɓata masa rai. Masu kirki ma suna da tasu wautar, kuma tasu ta fi wuyar gyara don ba su san suna yi ba.

Ranar da Fasto ya kira shi ofis, ya sa kwat ɗin ya tafi, don ya san ƙa'ida.

"Zauna mana, Baba."

"Na gode, Yallaɓai." Ya ci gaba da tsayuwa.

Fasto ya yi ta zagaye. Ya yabi amincinsa, ya ce ikilisiya ba za ta iya biyansa ba, ya ce jiki da jini dole ya huta. Tela zai ɗauki guga, matasa za su ɗauki shara. Makullin ma, don kada a riƙa tashinsa da sassafe, gara ya koma hannun Tela.

"Kada ka sa komai a ranka. Kai ɗan gida ne, Baba."

Baba ya kwance makullin daga igiyar da ke wuyansa, ya ajiye a kan tebur a hankali don kada ya yi ƙara. Ya ce, "Allah ya saka da alheri. In na yi laifi a yafe mini." Fasto ya yi murmushi, ya ji daɗi abin ya zo da sauƙi. Bai san sallama tsohon ya yi masa ba.

Wanda aka sallama ba ya komawa yana raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Wannan ma doka ce ta kuku, kuma Baba bai taɓa karya ta ba. Lahadi ta zo, ya tashi da wuri bisa sabo, ya yi wanka, ya zauna a bakin gado. Yana jin waƙar buɗewa daga ƙarshen layi, har yana iya ware muryar Uwar Waƙa. Ba fushi yake yi ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sayar da gidan matar alƙali. A can ya san in gida ya rufe akwai wani gidan. To wanda aka sallama daga gidan Allah, wane gida zai nufa? Ya durƙusa zai yi addu'a, ya buɗe baki, ya rasa abin faɗa. Bai share ba, bai goge ba, bai kulle ba. Da me zai tsaya a gaban Maigidan? Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado ya zauna yana kallonta.

Rana ta karkata sai ya ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a tsakar gida, da muryar da ke tambayar maƙwabta ɗakinsa kamar mai neman ɓarawo. Labule ya yaye. Uwar Waƙa ce, da kwalliyar Lahadi, gumi na tsattsafo mata.

"Au, da ranka! Ni na ɗauka gawa zan tarar. Lafiyarka ƙalau ka zauna a ɗaki ranar Jibin Ubangiji, ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo?"

Ya miƙe tsaye, hannuwa a baya. "Sannu da zuwa, Madam."

"Ka sake ce mini madam sai na fasa maka kwanon yayyafin nan. Me ya hana ka zuwa?"

"Ai an sallame ni."

"Wa ya sallame ka?"

"An karɓi makulli. An ba ni kwat. An ce in huta." Ya dube ta ta wutsiyar ido. "Aiko ki aka yi?"

"Wa ya isa ya aike ni? Kai Baba, ashe haka kake? Tsofai-tsofai da kai, ka shekara da shekaru a cikinmu, ashe kallon iyayen gida kake mana? To bari ka ji abin da ka jawo yau. Ka san Direba da gwiwarsa."

Ya san shi. Tsohon direban babbar mota ne, dattijon ikilisiya, shi ke zagayawa da farantin gurasa da ƙoƙon Jibi, yana jan ƙafa ɗaya.

"Ya gama da benci na ƙarshe, sai ya wuce can ƙofar ɗakin ajiya yadda ya saba, kansa a sunkuye. Ya miƙa faranti. Ba kowa! Ya tsaya yana miƙa wa bango gurasa, jama'a duk sun juyo suna kallo. Ya leƙa ɗakin ajiya, ya leƙa waje. Ya dawo idonsa ya yi ja. Ni kuwa na ɓata baiti, abin da ban taɓa yi ba, duk saboda kai."

Baba bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

"Kai da ka san aikin gida, faɗa mini. A gidajen da ka yi, wane maigida ne ya taɓa aiko babban mutum da faranti ya biyo ka har bakin ƙofa? Duk shekarun nan, wa ke yi wa wani hidima a teburin nan, kai ko Shi?"

Maganar ta shige shi. Amma tsohon zargi ba ya mutuwa da wuri.

"Rigar fa?" in ji shi a hankali. "Na ga kin adana. Na san akwai ranar da za a fito da ita."

"Wace fitowa? A jikina take kowace Lahadi! Ni nake wanke abata don kada ka gani ranka ya ɓaci. Da kana zama inda mutane ke zama da ka gani. Amma ina, kana can baya kana gadin laifinka." Ta ja kujerar roba ta zauna ba a ba ta ba. "Ni ma da nawa. Ranar da ka ƙona ta, da na bi zuciyata na wanke ka tas, da duk wannan bai faru ba. Tausayi ya sa na yi shiru. To ga shi yanzu: ka ƙona mini riga, rigar da na fi so, kuma sitacinka ya yi yawa tun ranar farko!"

Wani abu ya kwance a ƙirjin Baba. Rabonsa da jin magana mai daɗi kamar wannan tun kafin ƙunar.

"To in ba na aiki," ya ce, "zaman me zan yi a wurin?"

"'Yarka da ke can, me take goge maka?"

"Ba komai."

"Me take share maka?"

"Ai ita 'yata ce."

"To! Ka sallame ta mana, tunda ba ta da amfani." Ta share gumi da gefen gyale. "Baba, da mai guga Allah yake nema, da Tela zai ɗauka, dutsensa ya fi naka. Yesu bai zub da jininsa don ya sami ɗan aiki ba. Fansarka ya yi, ya sa ka a gida, kuma ba Fasto ba, ba ni ba, ba rawar hannunka ba, ba mai fitar da kai. Kai ne kawai ka ƙi shigowa ka zauna."

Can ya ce, "Makullin fa?"

"Ba za ka gan shi ba. So kake ka ƙona mana coci?" Ta miƙe, ta shuri jakar da ƙafa ta koma ƙarƙashin gado. "Lahadi in ban gan ka ba, da mawaƙa duka zan zo, mu yi maka waƙa a tsakar gidan nan har maƙwabta su kore ka."

Kada a ce ya warke a ranar. Makon nan duka ya yi shi yana juya maganar, yana neman inda dabarar take. Ya ce ko kunya ce ta kama su. Ya ce ko sai sun sami natsuwa za su ƙarasa abin da suka fara. Amma duk inda ya bi sai ya ci karo da Direba a tsaye da faranti a gaban bango, kuma wannan bai dace da ko ɗaya daga cikin gidajen da ya sani ba.

Lahadi ya riga kowa zuwa, ya tarar da ƙofa a kulle, ya tsaya a waje har Tela ya zo ya buɗe. Da jama'a suka fara shiga, ƙafafunsa suka ɗauke shi suka nufi ɗakin ajiya da kansu. Sai ya ji an riƙe masa hannun kwat. Direba ne.

"Malam, gwiwata ta gaji da bin ka. In kana tausayina, zo nan."

Ya ja shi har gaba, bencin gefe da ke bayan mawaƙa. Baba ya dubi bencin. Shi ya goge shi shekara da shekaru, ya san inda ƙusa ta ɗan fito, bai taɓa sanin yadda yake a zaune ba. Ya waiga ya karanci fuskoki, ko akwai mai murmushin da ya wuce kima. Ba mai kallonsa ma, kowa na neman shafin waƙa. Ya zauna a ɗofane, a bakin katako.

Mawaƙa suka miƙe. Ga ta nan a gabansa, faffaɗan baya, da hoton dutsen gugarsa a tsakiya, tana kaɗa hannu tana hararar masu jan murya. Ya dubi wuyan rigunan. Tela bai iya wuya ba, duk sun kwanta. Hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya danne shi a kan gwiwa. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, coci bai rushe ba. Da aka zo addu'ar da ake kiran Allah Uba, ya faɗa tare da kowa, kalmar ta yi masa nauyi a baki, sai ga hawaye.

Fasto ya hau wa'azi, ya kuwa ja shi. Baba ya ɗan matsa baya. Kafaɗarsa ta sami majingina. Iska na shigowa ta tagar da wani ya goge, ba shi ba. Mutumin da bai taɓa runtsawa a gaban maigida ba tun yana yaro, kansa ya langaɓe, har da minshari. Uwar Waƙa ta waigo za ta yi tari, ta ga ko wane ne, ta haɗiye abinta.

Da ya farka an tashi, sai 'yan tsiraru a bakin ƙofa suna gaisawa. Ya shafa wuyansa neman makulli, babu. Ya dubi hagu ya dubi dama yana jiran wanda zai zo da murya mai laushi. Tela ne kawai ke rufe tagogi, makulli na kaɗawa a hannunsa.

"Baba, ka tashi? Rufewa zan yi, ko in dakata?"

Baba Mai Guga ya gyara kwat, ya miƙe ƙafafu, ya ƙara jingina.

"Dakata tukuna, ɗana," in ji shi. "Ban gama zama ba."